Amsar Lamidi da Kuka Goge

Shekara shida ke nan cif da muka kai Malam Lamidi makwancinsa a Funtuwa. Na daɗe ina cewa zan yi rubutu a kansa ina fasawa, domin duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in ga abin da ke fitowa faɗa ne, ba ta'aziyya ba. Bana na haƙura na bar shi ya fito yadda yake. Wanda ya buɗe wannan shafi yana neman sanyayan kalamai na tunawa da mamaci, ya yi haƙuri ya juya gaba. Ina da magana da wasu mutane, kuma sun san kansu.

Ga wanda bai san shi ba, Lamidi abokina ne tun muna aji ɗaya na firamare. Mahaifinsa Bayarabe ne da ya zo Funtuwa fatauci zamanin da auduga ke tashe, ya buɗe shagon kayan keke, ya zauna har ƙarshen ransa. A nan aka haifi Lamidi, a nan ya yi allo, a nan ya yi boko, a nan ya yi aure. Hausarsa ta fi tawa daɗi, ni wanda kakannina ke kwance a Ƙarfi. Ya yi aikin malamin gona shekaru masu yawa, yana zaga ƙauyuka a kan babur daga Malumfashi har Danja. Da ya yi ritaya sai ya kafa 'yar rumfa a gefen kasuwa yana gyaran injin feshi da injin ban-ruwa. Ni kuwa koyarwa na yi har na riƙe makaranta, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Hedimasta.

Ni na saka shi a zauren. Zauren manoma ne na tambaya da amsa a intanet, irin wanda ake shiga ta waya: manomi ya rubuta abin da ya dame shi, wanda ya sani ya ba shi amsa. 'Yan yankinmu ne suka kafa shi, ya cika da masu noman masara da dawa da waken suya da auduga. Ranar da na nuna masa, sai ya miƙo mini hannuwansa biyu, duk baƙin mai, ya ce, "Hedimasta, dubi yatsun nan. Ina ni ina danne-dannen waya?" Ba a yi wata guda ba sai ga shi ya yi wa wayar mazauni a kan teburin aiki, kusa da akwatin sifana, da tsummanta na goge hannu kafin ya taɓa ta.

Amsarsa ta farko da na riƙe, wani ne ya rubuta cewa masararsa ta yi rawaya, me zai yi. Kafin Lamidi ya gani, masu sauri sun riga sun yi layi suna cewa ya ƙara taki. Shi kuwa bai ba da amsa ba tukuna, tambaya ya yi. Ina gonar take, jigawa ce ko fadama? Kwana nawa da shuka? Ruwa yana kwanciya tsakanin kunyoyi idan an yi sama? Ya ce mutumin ya ɗauko hoton gindin masarar, ba samanta ba. Da hoton ya zo sai ga masara tsaye a cikin ruwa. Lamidi ya ce masa ya ajiye takinsa, ya ɗauki fartanya ya yanka wa ruwan hanya ya fita, bayan kwana huɗu ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Mutumin ya manta bai dawo ba. Lamidi ne ya koma ƙarƙashin tambayar ya rubuta, "Malam, yaya masara?"

Haka yake yi. Ba ya gaya wa manomi ma'aunin da ba shi da shi a gida. Da murfin kwalbar maganin yake auna masa, da gwangwanin madara, da cikin injin feshi guda. Abin da za a yi shi yake fara rubutawa, dalili ya biyo baya, don ya ce mai tambaya yana tsaye ne a bakin gona, cajinsa na ƙarewa. Idan abu ya fi ƙarfinsa, kamar ciwon dabbobi, sai ya rubuta ƙarara cewa bai sani ba, a kai wa malamin dabbobi. Amsa ɗaya takan ci masa rabin awa. Ya rubuta, ya goge, ya sake, sannan ya karanta mini da ƙarfi ya ce, "Idan kai ne ba ka wuce aji uku ba, za ka gane wannan?" Na sha gaya masa yana wahalar da kansa a banza.

Akwai ranar da ya yi kuskure a wani awo, ya ce murfi uku a inda biyu ya dace. Washegari da safe ya koma ya rubuta a saman amsar cewa jiya ya yi kuskure, ga daidai, duk wanda ya karanta ya yafe masa. Na ce ai da ya gyara shiru, wa zai sani? Ya ce wanda ya riga ya karanta ba zai koma ya duba ba sai an kira shi.

To, a cikin shugabannin zauren akwai wani mai kiran kansa Dakta. Ba zan rubuta sunansa ba. Ba likitan mutane ba ne, ba na dabbobi ba, kuma har yau ban san makarantar da ta ba shi wannan dakta ba. Shagon maganin feshi gare shi. Duk tambayar da aka yi, ko ta tsutsa ce, ko ta ciyawa, ko ta ƙarancin ruwa, amsarsa ɗaya ce: sunan magani da lambar wayarsa. Dole kuma in faɗi wani abu tun yanzu, domin shi ne tushen kunyata. Wannan Dakta ɗan baffan matata ne. Muna haɗuwa a suna, muna haɗuwa a gaisuwar mutuwa.

Da kakar wata shekara, wani manomi mai suna Haladu, daga wani ƙauye kusa da Mahuta, ya rubuta tambaya. Ya ce ya samu wake 'yan buhuna, yana son ajiye na ci da na iri har zuwa damina, ga ƙwari sun fara shiga, yaya zai yi. Tambaya ce ta mutum mai iyali da ke jin tsoron kada abincin gidansa ya zama gari. Dakta ya riga kowa. Ya ce Haladu ya samo maganin nan na ruwa da ake fesa wa auduga, ya sirka da ruwa kaɗan, ya yayyafa wa waken, ya cuɗa, ya ɗure a buhu. Wai bayan mako biyu maganin ya gudu, a wanke a dafa. Ya sa lambarsa a ƙasa kamar kullum.

Ina zaune a rumfar lokacin da Lamidi ya karanta. Ban taɓa ganin ya yi rubutu da sauri irin na ranar ba, ko hannunsa bai tsaya gogewa ba. Ba ni da kwafin amsar, kun san dalili, amma na riƙe ta a kaina. Ya fara da cewa, "Malam Haladu, don girman Allah kada ka zuba wannan magani a wakenka. Na auduga ne, kuma ba a cin auduga. Wanki ba ya fitar da shi, dahuwa ba ta kashe shi." Sannan ya gaya masa abin yi. Ya shanya waken har sai ya ji yana ƙara a haƙori. Ya samo jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, ya cika ta har wuya yana girgizawa don kada iska ta samu wurin zama, ya sa leda a baki ya ɗaure murfin tam, ya ajiye a inuwa, kada ya buɗe sai bayan wata biyu. Ya ce ƙwaro ma numfashi yake yi, idan babu iska zai mutu da kansa. Ya ƙara da cewa in yana da hali, akwai buhun nan mai leda biyu a ciki, aiki ɗaya suke yi.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne layin ƙarshe. Bai ambaci Dakta ba, bai ce masa maƙaryaci ba. Cewa ya yi mai yiwuwa wanda ya ba da shawarar farko bai lura akwai na ci a cikin waken ba. Ƙofa ce ya buɗe masa ya fita da mutuncinsa. Da Dakta ya ce haka ne, na yi kuskure, da magana ta mutu a nan.

Ga abin da Dakta ya rubuta maimakon haka: "Tun yaushe Bayarabe ya fara koya wa Bahaushe ajiye wake?"

Shi ke nan aka buɗe. Wannan ya ce ya koma garinsu ya koya musu noman rogo. Wancan ya ce hassada ce, don yana ganin shagon Dakta na ciniki shi kuma yana fama da tsofaffin injuna. Wani ya ce dama tsofaffin malaman gona ba sa son ci gaba, sun fi son a zauna a zamanin jarka. Waɗanda ba su iya rubutu mai tsawo ba suka yi ta jera 'yar fuskar nan mai dariya. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. A cikin masu dariyar har da mai masarar da ta yi rawaya. Babu wanda ya tsaya ya ce to, mu bar asalin mutumin, maganin nan ana cin sa ko ba a ci? Kafin la'asar an goge amsar Lamidi, an cire shi daga zauren, wai yana kawo rabuwar kai. Amsar suka goge. Zagin kuwa suka bar shi a wurin.

Ni fa? Ina da waya a hannuna, ina da data, ina da shekarun da idan na yi magana a zauren ana saurare. Na rubuta layi biyu, na tuna da gidan surukaina, na goge. Na sake rubutawa, na ce bari ƙura ta lafa, na goge. Abokina na shekara hamsin yana zaune taku biyu daga inda nake, ana cire masa rigar garin da aka haife shi, ban ce uffan ba. Don haka idan ina zagin masu dariya a yau, kada wani ya ɗauka na ware kaina. Su sun yi dariya, ni na yi shiru, kuma ban ga wanda ya fi wani ba.

Bai yi mini ƙorafi ba, da ya yi ma da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Hedimasta, samo mini lambar mutumin nan." Kwana biyu na yi kafin in samo, saboda sai da na bi ta hannun wani shugaban zauren, ina ta laɓe-laɓe kada Dakta ya ji. Da aka kira, wayar a kashe. Ƙauyensu Haladu sai an hau tudu ake samun sabis, caji kuma sai ranar kasuwa. Rana ta uku Lamidi ya rufe rumfa, ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi Mahuta, a lokacin da hanyar ba ta da cikakken aminci. Ya ce in raka shi, na ce ina da uzuri.

Da tambaya ya gano gidan. Ya tarar an riga an yayyafa, an ɗure buhuna, an jingina su a ɗakin da mahaifiyar Haladu ke kwana. Shi ya ba ni labarin yadda suka yi. Haladu ya karɓe shi hannu biyu, ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa. Lamidi ya roƙe shi ya fitar da buhunan daga ɗakin tsohuwa, kada ya ci, kada ya sayar. Haladu ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Baba, na gode da wannan tafiya da ka yi. Amma na hau tudu na duba zauren. Ban ga amsarka ba, sai abin da jama'a suka faɗa a kanka. Dakta ya ce mako biyu. Kai kaɗai ne ka ce a'a."

Ku karanta wannan magana da kyau, ku masu jera fuskar dariya. Haladu ba wawa ba ne. Lissafi ya yi irin na mai hankali: ga mutum ɗaya a nan, ga taro a can, har da mai laƙabin dakta. Ku ne taron. Kowannenku ya ɗauka danna dariya ba komai ba ne, ai ba shi ya ce a zuba maganin ba. Amma dariyarku ce ta tsaya tsakanin dattijon da ya yi tafiyar rabin yini da mutumin da ya je ceto.

Lamidi dai ya samu an fitar da buhunan zuwa rumbu, iyakar abin da ya iya ke nan. Bayan kamar mako uku aka dafa waken a gidan Haladu. Matarsa, da 'ya'yansa mata biyu, da tsohuwar, duk suka kama amai da murɗar ciki, ƙaramar har ta fara sanƙarewa. A bayan motar ɗaukar hatsi aka kai su asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, babu wanda ya mutu, amma tsohuwar ba ta ƙara komawa yadda take ba.

Ina rumfar ranar da Haladu ya zo, da hantsi. Ya sauka daga babur ɗin haya, ya durƙusa a gaban teburin. Na ɗauka Lamidi zai ce ai na gaya maka. Da ni ne, da na faɗa. Shi kuwa ya tambayi jikin yaran, sannan ya ce, "Ina sauran waken?"

Haladu ya sunkuyar da kai ya ce akwai wanda ya yi masa tayi, zai kwashe ya kai kasuwa, wai idan aka gauraya da wani ba za a gane ba.

"Ka san ɗakin da kuka kwana a asibiti?" in ji Lamidi. "Gadon da 'yarka ta tashi a kai, 'yar wani za ka aika ta kwanta. Tashi mu je."

Wannan karon na bi su. Muka haƙa rami nesa da rijiya, nesa da inda dabbobi ke kiwo, muka juye wake mai kyawun gani, noman damina guda, muka rufe. Haladu na zuba ƙasa yana hawaye. Lamidi bai motsa daga bakin ramin ba sai da aka daddale shi aka ɗora ƙaya. A hanyar dawowa ya tsaya ya saya wa Haladu jarka biyu, ya ce na baɗi ne.

Haladu ya yi abin da ni na kasa. Ya hau tudunsu ya rubuta a zauren duk abin da ya faru, ya nemi gafarar Lamidi a gaban kowa. Rubutun bai kai azahar ba aka goge shi, wai ba a son tone-tone, zaure na zumunci ne. Dakta ya ce mai yiwuwa hannun Haladu ne ya yi nauyi wajen zubawa. Babu wanda ya ba da haƙuri. Babu wanda ya ce a dawo da Lamidi. Na ce masa zan je in roƙa, ya ce in bari, masu buƙata sun san rumfar. Haka kuwa aka yi, ya koma amsa ta kiran waya, yana riƙe ta da kafaɗa yana kwance inji. Amma na san abin ya zauna masa. Sau ɗaya tak ya taɓa maganar, muna cin gyaɗa, ya ce, "Hedimasta, wai ina ne garin namu da za a koma? Ni ko hanyar ban sani ba sosai." Ya yi dariya. Ni ban iya yi ba.

Bayan shekara da 'yan watanni hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, bai yi mako biyu ba ya cika. Ba zan ce ku kuka kashe shi ba, ajali ne, kuma ina tsoron Allah. Amma ba zan manta da abin da na gani a zauren ranar ba. Dakta da kansa ya ɗora hotonsa, ya rubuta an yi babban rashi, uban zaure ya tafi, ɗan'uwanmu na jini. Masu dariyar nan suka koma jera fuskar kuka. Na duba sahun jana'iza da kyau. Manoma sun zo daga Danja, daga Ƙarfi, Haladu ya zo tun daga Mahuta ya kama makara. A cikin shugabannin zauren ban ga ko ɗaya ba. Da aka nuna wa matarsa Hajiya Sikira abin da suka rubuta, ta kalli wayar ta ce, "Su waye waɗannan?" Na ce abokan aikinsa ne na intanet. Ƙarya na yi mata, don ban ga amfanin ƙara mata wani ciwon ba.

Yanzu nakan tambayi kaina, da zai leƙo zauren a yau, me zai ce? Zauren ya ninka girmansa, masu amsa sun fi masu tambaya yawa. Mutum ya rubuta cewa tsutsa na cin zuciyar masararsa, sai ka ga an cika ƙasan da "ina biye" da "Allah ya kawo masu sani", mai matsala ya yi ta gungurawa yana ƙona data bai samu komai ba. Wasu su ce ya biyo su ta sirri, wato amsar ba ta jama'a ba ce, ta sayarwa ce. Wasu su ce wannan ma tambaya ce, manomin ina ne kai? Mace ta tambayi abin da ke kashe mata kaji, sai a fara tambayarta ko tana da aure. Sababbin gwanaye kuwa su ne masu kai tambayar wurin na'urar nan mai rubuta amsa, su kwafo su manna ba tare da sun karanta ba. Na ga an gaya wa manomin Malumfashi ya jira ƙanƙara ta narke kafin ya yi shuka. An kuma yi wa wanda ya manna godiya.

Mafi muni a wurina shi ne yadda ake yi da tsofaffin amsoshinsa da suka rage. Ana tono su, a cire sunansa, a manna kamar na mai mannawa. Satar sunan ba ta dame ni kamar yankan da ake yi musu ba. Sun yi tsawo, in ji su, sai a datse ƙasan. To ƙasan nan shi ne inda yake cewa a rufe hanci da baki, kada a yi feshi ana iska, kada a wanke injin a bakin rijiya, a jira kwana kaza kafin a ci. Sun ɗauki awon magani sun zubar da gargaɗin. Na gane rubutunsa ko a cikin dubu, kuma duk lokacin da na ga an yi masa wannan kaciya sai in ji kamar ranar nan ce ta dawo.

Gaskiya ita ce da yana nan ba zai yi fushi kamar ni ba. Na san shi. Na'urar ma ba zai zage ta ba. Zai sa a nuna masa yadda ake tambayarta, ya ware kunya biyu a gonarsa ya gwada abin da ta faɗa, in ya yi kyau ya ce ya yi, in bai yi ba ya ce bai yi ba. Masu satar amsarsa kuwa, ina jin cewa zai yi su ɗauka, amma su ɗauka duka. Shi ba mai riƙo ba ne. Ni ne mai riƙo, kuma ban yi niyyar saki ba. Dakta yana nan, shagonsa ya zama biyu, har gayyatarsa ake yi ya yi wa matasa jawabi a kan noma. Muna haɗuwa a gidan surukai, ina amsa sallamarsa don wajibi ce, ba na ƙara komai. A zauren kuma duk inda ya sa lambarsa a ƙarƙashin shawarar banza, ina biye da shi in rubuta abin da na sani. Kada kowa ya yaba mini. Jarumtar da ta zo bayan an rufe kabari ba ta da wani tsada.

Me ya rage na Lamidi? Rumfar wani ya karɓa yana sayar da takalma. Sunansa ba ya cikin zauren da ya yi wa hidima. Na daɗe ina ganin kamar kun ci nasara.

Watan jiya na je kasuwar Danja awon hatsi. Ina tsaye a gaban wata dattijuwa mai sayar da wake, sai wata matashiyar mata ta saya da yawa, ta tambaye ta wane magani za ta zuba don kada ya yi ƙwari. Dattijuwar ta ɗaga mudu kamar za ta buga mata, ta ce, "Ke, rufa wa 'ya'yanki asiri! Ba a zuba wa abin ci magani. Ki shanya shi sosai, ki cika jarka har wuya, ki sa leda ki ɗaure, kada ki buɗe sai ya yi wata biyu." Matar nan ko wayar kirki ba ta da ita, wata 'yar ƙarama ce ɗaure da roba a bakin zaninta. Na ce, "Hajiya, wa ya koya miki wannan?" Ta ce ƙaninta ne ya ji wurin wani mutumin Mahuta, yanzu duk layinsu haka suke yi.

Na ce mata wanda ya koya wa mutumin Mahutan abokina ne, ya rasu shekara shida ke nan. Sannan, don in ji abin da za ta ce, na ƙara da cewa, "Sunansa Lamidi. Bayarabe ne."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa." Ta share bakin mudun da tafin hannunta, ta ce, "Nawa za a auna maka, Malam?"